Daga Madafi: Talotalon Biki Don Mutum Shida

Da zarar Nuwamba ya kama, wasiƙun da ke shigowa wannan fili sai su koma na talotalo. 'Yan'uwanmu mazauna Amurka suna shirin Ranar Godiya, wadda mutanen can ke kira Thanksgiving, na gida kuma sun fara lissafin Kirsimeti. Ga huɗu daga ciki, na ɗan rage musu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York da maigidana da yaranmu biyu. Bana yaran sun tasa ni a gaba, wai sai mun yi talotalon Thanksgiving yadda suke jin 'yan ajinsu na ba da labari. Za mu gayyaci ƙanin maigida da matarsa, mu shida ke nan. Ni ko kaza ban taɓa gasawa sukutum ba. Na taɓa ci a gidan wata abokiyar aikina, naman a bushe, salam ba ɗanɗano. Wane girma zan saya, kuma yaya zan yi kada in ji kunya a gaban faccalata? Taki, Maman biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara cire hoton nan daga ranki, na ƙaton talotalo ja-jawur a tsakiyar tebur, an yi masa ado da ganye. Wannan na talla ne, da kuma gidan da za a tara mutum ashirin. Ku shida, har da yara biyu, tsuntsu mai nauyin fam 10 zuwa 12, wato kilo huɗu da rabi zuwa biyar da rabi, ya ishe ku har da ragowa. Lissafin da ake yi shi ne fam ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowane mutum, domin ƙashi ya cinye kaso mai yawa na nauyin.

Bushewar da kika ji a gidan abokiyarki ba lallai rashin iya girki ba ne. Talotalon da ake sayarwa a Amurka wani iri ne fari da aka yi ta zaɓa shekara da shekaru don ya tara tsoka a ƙirji. Wannan tsokar fara ce, ba ta da kitse, tana nuna da wuri, kuma ko kaɗan ta wuce lokacinta sai ruwanta ya tsiyaye. Cinya kuwa tana da jijiya da kitse, ita tana son ta daɗe a wuta. Ƙirji da cinya kishiyoyi ne a ɗaki ɗaya, abin da ya yi wa wannan daɗi shi ke ɓata wa waccan rai. Idan kika gasa tsuntsun a haɗe, kafin cinya ta yi laushi ƙirji ya gama bushewa. Saboda haka shawarata guda ce: ki raba su.

Ki je wurin mahaucin halal tun da sauran mako biyu ki ba da sautu, domin a makon bikin rububi ake yi. Ki ce za ki karɓa ranar Talata, tunda bikin kullum Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba yake faɗawa, ɗanyen talotalon da ba a daskarar ba kuma bai kamata ya wuce kwana ɗaya ko biyu a firij ba. Ki roƙe shi ya cire miki ƙirjin gaba ɗaya da ƙashinsa da fatarsa, ya ware cinyoyi biyu da fukafukai, ya sassara ƙashin baya da wuya ya zuba miki a leda daban. Aikin minti biyar ne a wurinsa. Idan kuma daskararre kika samu, ki sa shi a faranti mai zurfi a can ƙasan firij, ki ba shi kwana ɗaya ga kowane fam 4 zuwa 5. Naki zai ci kwana uku, don haka ki saukar da shi daga firiza tun ranar Asabar. Kada ki bar shi a kan kanta ya kwana, waje zai ɗumama ya fara lalacewa alhali ciki na nan da ƙanƙara. Ki tura hannu cikinsa ta gaba da ta baya, akwai 'yar jakar da suke cusa hanta da ƙundu da zuciya a ciki.

Daren Talata ki goge ƙirjin da takardar goge hannu ya bushe, ki barbaɗa masa gishiri, ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kilo. Ki ɗaga fatar a hankali da yatsu ki shafa har ƙarƙashinta, ki mayar da shi firij a buɗe. Gishirin zai jawo ruwan naman, ya narke a ciki, ya koma cikin tsokar, shi ne zai ba ta ɗanɗano har ƙashi ya kuma taimaka mata ta riƙe ruwa a wuta. Iskar firij kuma za ta busar da fatar, ta yi ƙaras-ƙaras in an gasa. Amma ki karanta jikin ledar tukuna. Wasu kamfanoni suna ɗura wa talotalo ruwan gishiri tun a masana'anta, suna kuma rubutawa. In kin ga haka, ki rage gishirinki zuwa rabi ko ki bar shi.

Laraba ita ce ranar aiki. Cinyoyi da fukafukai da ƙashin baya da wuya duk ki zuba su a tukunya, ki yi musu sulala irin tamu: albasa biyu, tafarnuwa, ɗanyar citta, masoro, kanumfari uku ko huɗu, kimba ɗaya, tayim, gishiri da dunƙule. Ruwa ya ɗan rufe naman, wuta ƙasa-ƙasa, wajen awa ɗaya da rabi, har cokali mai yatsu ya shige cinya ba gardama. Ki tsame cinyoyi da fukafukai, ki tace romon, ki sa kowanne a firij. Da wannan tukunya ɗaya kin gama da rabin tsuntsun, kin kuma samu romon da za ki yi miyar da Amurkawa ke kwararawa a kan nama da dankali.

A ranar ki haɗa miyar kiranberi, jan 'ya'yan itacen nan mai tsami da ba a cin talotalon bikin sai da shi. Kada ki sayi ta gwangwani. Leda ɗaya mai giram 340, kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwa, ki tafasa minti goma har 'ya'yan su farfashe. Tana hucewa za ta yi kauri da kanta. Tsaminta ya yi kusa da na zoɓo, ni har 'yar citta nake gurza mata.

Ranar Alhamis, in da ƙarfe uku za a ci, ki fito da ƙirjin da sha ɗaya da rabi, ki kunna oben a digiri 325 na ma'aunin Faranhait, wato 163 a ma'aunin Selshiyos. Ki kwaɓa bota mai laushi da dakakkiyar tafarnuwa da masoro da tayim da ɗan barkono, ki shafa a ƙarƙashin fata da samanta. Ki shimfiɗa yankakkiyar albasa da karas a tiren gashi, ki ɗora ƙirjin, ki zuba kofi ɗaya na romo a ƙasa. Ƙirji mai fam 4 zuwa 6 yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu da kwata. Ba sai kin yi ta buɗe oben kina yayyafa masa mai ba, zafi kawai kike fitarwa. In kin ga fatar tana neman yin duhu da wuri, ki yafa mata foyil.

Abu ɗaya da zan ce lallai ki saya shi ne ma'aunin zafin nama, mai tsinke da ake sokawa. Ba shi da tsada, kuma shi ne bambancin mai sa'a da mai tabbas. Daga awa ɗaya da kwata ki fara soka shi a inda tsokar ta fi kauri, kada ya taɓa ƙashi. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce naman tsuntsu ya nuna idan cikinsa ya kai digiri 165, wato 74 a ɗaya ma'aunin. Yana kaiwa ki fitar. Ɗan jan maɓallin roba da ake maƙalawa a ƙirjin wasu talotalo, wai ya tashi in nama ya nuna, kada ki jira shi, sau da yawa sai ƙirjin ya wuce kima yake motsawa. Kada kuma launi ya ruɗe ki, naman talotalo yakan nuna sarai ya bar ɗan ja-ja kusa da ƙashi.

Ki bar ƙirjin ya huta aƙalla minti 20 kafin wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba ruwansa a kan katako zai ƙare. Wannan hutun nasa shi ne lokacin cinyoyi. Ki ƙara wutar oben zuwa 425, ki shafa musu mai, ki tumurmusa su da yajin ƙuli, ki gasa minti ashirin har su yi ja. Sai ga shi tebur ɗaya ya haɗa farin naman da yara ke nema da gashin da maigida da ƙaninsa za su yi wa rubdugu. Tsanaki ɗaya: yajin ƙuli gyaɗa ce, a can kuma akwai yara da yawa da gyaɗa ke tayar wa da ciwo mai haɗari. Idan wani ɗan maƙwabta zai leƙo, ki tambayi uwarsa.

Miyar romo minti goma ce. Manyan cokula huɗu na bota, huɗu na fulawa, ki juya a wuta har ta yi ƙamshi ta ɗan sauya launi, sannan ki riƙa zuba romo kofi uku kaɗan-kaɗan kina burgawa kada ta yi gudaji. Ki kankare abin da ya kama a tiren gashi ki haɗa, nan ɗanɗanon yake. Dankalin turawa kilo ɗaya da rabi, ki dafa ya yi ligif, ki murƙushe da bota da madara mai ɗumi. Koren wake a soya sama-sama da albasa. Shi ke nan. Kada ki ce sai kin yi kala tara a shekarar farko. Kuma ki ɗora dafa-dukar shinkafa ko da ƙaramar tukunya ce, don na san mazanmu: zai cinye dankali da nama ya tambaye ki ina abinci.

In yaran sun tambayi asalin bikin, a makaranta za a ba su labarin shekarar 1621, lokacin da Turawan Ingila da suka sauka a Plymouth, a gabar gabashin Amurka, suka ci abincin kaka tare da 'yan ƙabilar Wampanoag, 'yan asalin ƙasar. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, a 1941 kuma majalisa ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu. Yana da kyau su san cewa tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth a wannan rana don makoki, saboda abin da ya sami kakanninsu bayan nan.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Na ji a rediyo a nan Greensboro ta Amurka ana cewa kada a wanke talotalo kafin a dafa. Anya kuwa? Mu da uwayenmu suka koya mana wanke nama da lemon tsami? Sannan idan aka gayyace mu gidan Amurkawa, ban da naman, me ya kamata in kula da shi a tebur? Ƙanwarki 'yar Maraɗi.

AMSA: Ƙanwata, gaskiya kika ji. Dalilinsu shi ne ruwa ba ya kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin ɗanyen tsuntsu, wuta ce ke kashe su. Abin da wanki ke yi shi ne fantsama su a kan kwanuka da kanta da kayan ganyen da za a ci ɗanye. Uwayenmu ba su yi kuskure ba, tsuntsun da aka yanka aka fige a tsakar gida dole a wanke masa jini da gashi da ƙasa, kuma a waje suke yi. Na cikin leda an riga an wanke shi. Idan ranki ya ƙi kwanciya, na san wannan, ki yi a cikin roba ba a ƙarƙashin famfo ba, ki kawar da komai daga kusa, ki wanke wurin da sabulu da ruwan bilic, ki wanke hannu.

Batun tebur kuwa, idonki ya fi zama a kan abin da ke gefen naman. Haɗin burodi da suke cusawa a cikin talotalo sau da yawa akwai niƙaƙƙen naman alade a ciki. Wasu suna shimfiɗa siraran yankan alade a kan ƙirjin don kada ya bushe, musamman mutanen Ingila a Kirsimeti. Miyar romo wani lokaci ana zuba mata giyar inabi. Dankalin Hausa da ake gasawa da fararen alawa masu laushi a sama, yawancin alawar nan da sinadarin fatar alade ake ƙulla ta. Ɓawon kek ɗin kabewa ma akwai masu yin sa da kitsen alade. Ki tambayi matar gidan tun kafin ranar, ba abin kunya ba ne a wurinsu, sun saba da baƙi masu dokar abinci. Ki kuma ce za ki zo da kwano ɗaya, al'adarsu ce, sai ki san kina da abin ci ko yaya ta kaya. Hukuncin zuwa bikin kansa kuwa na malamai ne, ni madafi na sani.

TAMBAYA: Anti ina gaisuwa. Surukina ya aiko mana da ƙaton namijin talotalo mai rai daga ƙauye don Kirsimeti. Mu biyar ne a gidan. Ba ni da oben, wutar lantarki kuma ba tabbas. Na ga yadda Turawa ke gasa shi a intanet, ko zan iya kwaikwaya da tukunya da yashi yadda muke gasa kek? Amarya daga Jos.

AMSA: Amarya, Allah ya saka wa surukinki, kyauta ce ta girma. Amma ki ajiye abin da kika gani a intanet, don tsuntsunki daban ne da nasu. Nasu 'yan watanni ne a rufe ana ba shi abinci sai ya ture. Naki ya yi yawon kiwo, ya yi faɗa da zakaru, wataƙila ya shekara. Tsokarsa ta fi ɗanɗano nesa ba kusa ba, amma tana da tauri, ƙirjinsa kuma bai kai nasu tudu ba. Idan kika sa shi a busasshen zafi kai tsaye, haƙoran baƙinki za su gaya musu. Tukunyar yashi ta kek ce, ba za ki iya riƙe zafinta daidai na tsawon awa uku ba, waje zai ƙone ciki da saura.

A yanka shi da safiyar jajibiri. Ruwan figa ya yi zafi amma kada ya zama tafasasshe, don kada fatar ta saluɓe. Ki babbake ƙananan gashin, ki yanka shi manya-manya. Ki sulala da albasa mai yawa, citta, tafarnuwa, attaruhu, kori, tayim da gishiri, da farko ba ruwa sai wanda naman ya fitar, bayan kwata ɗin awa ki ƙara. Ki fara sa cinyoyi da wuya da fukafukai, ƙirji ya biyo baya da kamar rabin awa. Tsohon tsuntsu yakan ci awa ɗaya da rabi, wani har biyu, yatsanki ne zai gaya miki. A ƙwaurin cinyar akwai jijiyoyi masu tauri da suke zama ƙashi sirara, in ya dahu ki zare su saboda yara.

Daga nan hanya biyu ce. Ko ki soya a mai ki juya shi cikin jajjagen tattasai da attaruhu da albasa, ko ki hura gawayi, ki bari ya zama garwashi ba harshen wuta, ki shafa mai da yaji ki gasa kina juyawa. Ni na fi son na gawayi, musamman a sanyin Jos na Disamba. Romon ki dafa shinkafar da shi, kada ki zubar ko cokali. Ke da kike garin dankali da karas da kabeji da koren wake, abin haɗawa ba zai ba ki wahala ba: soyayyen dankali da haɗin kabeji sun wadatar.

Tunda wuta ba tabbas, ki yi wa naman tsari tun ranar yanka. Ƙaton namiji ya fi ƙarfin mutum biyar. Ki ware na ci, ki ware na maƙwabta, da ma haka aka saba a ranar, Musulmi da Kirista kowa ya ga kwano. In maƙwabtan naki Musulmi ne, ki kira ɗayansu ya yi yankan, sai kowa ya ci hankali kwance. Sauran ki soya shi ya bushe sosai, ko ki daka ki yi dambun nama, wanda zai yi kwanaki ba firij idan ya soyu babu sauran ruwa.

Ga masu sayen daskararren talotalo na kwali a kasuwa kuwa, ku sani shigo da daskararrun kaji da talotalo daga waje yana cikin jerin abin da Najeriya ta haramta, saboda haka mai yawa daga cikinsa ta ɓarauniyar hanya yake zuwa, ba wanda ya san sau nawa ya narke ya sake daskarewa. Ku shinshina, ku taɓa. In yana yauƙi ko wari, ko ƙanƙarar jikinsa ta yi ja da jini, ku bar wa mai shi kayansa.

TAMBAYA: Anti, a taimaka. Mu ɗalibai huɗu ne a Kanada, ni ne mai girkin. Bara na manta ban fitar da talotalo daga firiza ba sai daren jajibiri, muka ƙare da taliya. In haka ta sake faruwa akwai dabara? Kuma ragowar kwana nawa take yi? Ɗanki.

AMSA: Ɗana, akwai dabara har biyu. Ta farko, ka bar shi cikin ledarsa, ka nutsa shi a ruwan sanyi, kana sauya ruwan duk bayan minti 30. Kowane fam yana cin minti 30, mai fam 10 awa biyar ke nan, kuma yana narkewa ka dafa nan take. Kada ka yi da ruwan zafi. Ta biyu, ka sa shi a oben da ƙanƙararsa a digiri 325. Zai nuna lafiya, sai dai lokacin zai ƙaru da aƙalla rabi, abin da zai ci awa uku ya koma huɗu da rabi ko fiye. Idan ya saki bayan awa biyu ka fito da shi, ka zaro jakar kayan ciki da abin kama nama, ka shafa gishiri da bota ka mayar. Amma ku huɗu, ban ga abin da ya kai ku ga tsuntsu guda ba. Ku sayi cinyoyi huɗu, ko ƙirji ɗaya, firij ɗin ɗalibai ma ba zai ɗauki fiye da haka ba. Ka tuna kuma naku bikin na Kanada Litinin ta biyu ce a watan Oktoba, bana ya wuce, sai dai ku yi na hutun ƙarshen shekara.

Ragowa kada ta wuce awa biyu a tebur. Ka zare naman daga ƙashi, ka zuba a ƙananan robobi ya huce da wuri, a firij kwana uku zuwa huɗu, abin da ya fi haka sai firiza. In za ka ɗumama ka zuba ɗan romo ka rufe, kada ya bushe. Ƙasusuwan ka mayar da su tukunya washegari da albasa da citta da attaruhu da ɗan daddawa in kana da ita, ka yi farfesu, ku ci da burodi.